Kafin IMF da Bankin Duniya: Su Wa Suka Fara Binciken Yadda Ƙasa Ke Fita Daga Talauci?

Tun da gwamnatin Ghana ta ƙaddamar da shirin tattalin arzikin awa 24, wato a riƙa aiki dare da rana, a watan Yulin 2025, hirar da ake yi a bencin masu shayi a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi ta koma kan tsohuwar gardama. Wannan ya ce masana'antu ne kaɗai mafita. Wancan ya ce ai tun 2017 ake maganar masana'anta ɗaya a kowace gunduma, ina aka kwana? Wani kuma ya ce duk ɓata baki ake yi, ƙasar da ta koma wurin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, karo na 17 ta karɓo rancen dala biliyan 3 a 2023, ba ita ke da ta cewa a kan dukiyarta ba. Sau da yawa wani dattijo ne ke rufe zancen: "Ku bar wahalar da kanku, yara. Wannan ilimin Bature ne. Shi ya ƙago shi, shi ya san kansa."

Maganar dattijon ba daga sama ta faɗo ba, kusan haka ake koyar da abin a jami'o'i da yawa. Sai dai tarihin ya fi haka tsawo. Me ke sa wata ƙasa ta yi arziki wata ta tsaya cik? An yi wannan tambaya a Bagadaza, a kurkukun Napoli, a Sakkwato, a Mankessim da Kete-Krachi, tun kafin taron 1944 da ya haifar da IMF da Bankin Duniya. Da yawa daga cikin masu tambayar kuma a cikin matsalar suke zaune, ba daga nesa suke hango ta ba.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Akwai haɓaka, akwai ci gaba, kuma ba abu ɗaya ba ne. Haɓaka ita ce ƙaruwar jimillar abin da ƙasa ta samar a shekara. Idan farashin zinariya ya tashi a kasuwar duniya, alƙaluman Ghana za su nuna haɓaka ko da babu abin da ya canza a rayuwar yarinyar da ta baro Arewacin ƙasar tana dakon kaya a kasuwar Kejetia ta Kumasi. Ci gaba kuwa shi ne irin aikin da mutane ke yi ya canza: manomi ya noma abin da ya fi na bara a gona ɗaya, maƙeri ya samu injin da zai yi masa aikin mako a yini ɗaya, yaro ya rayu ya yi karatu.

Sai ɗanyen kaya, wato abin da ake sayarwa yadda aka ciro shi daga ƙasa ko daga bishiya, kamar kokon da ake yin cakulan da shi, da zinariya, da ɗanyen mai. Kariya ita ce gwamnati ta ɗora kuɗin fito mai nauyi a kan kayan waje don na gida su samu kasuwa. Rara kuma ita ce abin da ya saura bayan an ci an sha an biya kuɗin aiki. Duk gardamar da za ta biyo baya a kan rarar nan take: wa ke samar da ita, wa ke karɓe ta, a ina ake zuba ta.

Labarin da aka saba ji

Littattafan karatu sukan fara ne daga 1943, shekarar da Paul Rosenstein-Rodan, haifaffen Poland, ya rubuta maƙala a kan yadda za a kafa masana'antu a gabashin Turai. Daga nan sai jawabin rantsar da shugaban Amurka Harry Truman a ranar 20 ga Janairun 1949, inda ya yi alkawarin taimaka wa yankunan da ba su ci gaba ba. A 1950 Raul Prebisch na Ajantina da Hans Singer suka nuna cewa farashin ɗanyen kaya yakan yi ta ja baya idan aka gwada shi da na kayan masana'anta. A 1954 Arthur Lewis ya fitar da bayaninsa kan yadda ma'aikatan da suka yi wa karkara yawa ke komawa masana'antu a birni. A bisa wannan lissafi, fannin bai cika shekara ɗari ba.

Haraji da hannun sarki a kasuwa

Sama da shekara dubu kafin Truman, Halifa Haruna Rashid ya nemi babban alƙalinsa Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, ya rubuta masa yadda za a tafiyar da harajin ƙasa. A cikin Kitabul Kharaj, Abu Yusuf, wanda ya rasu a 798, ya ba da shawarar a daina yanka wa manomi ƙayyadadden haraji bisa faɗin gonarsa, a koma karɓar kaso daga abin da gonar ta bayar. Hikimar a fili take: shekarar da damina ta yi gardama, ƙayyadadden haraji yakan kori manomi daga gonarsa, gwamnati ta yi asarar na bana da na baɗi. Ya kuma ce haƙa manyan magudanan ban-ruwa nauyin baitulmali ne.

Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya zurfafa fiye da haka a Muƙaddimarsa ta 1377. Ya ce aikin ɗan Adam ne tushen riba, kuma mutane idan suka raba aiki a tsakaninsu sukan samar da abin da ya ninka bukatarsu, daga wannan rarar birane ke girma. Wannan kusan shekara 400 ke nan kafin masanin tattalin arziki Adam Smith ya yi irin bayanin a 1776. Ibn Khaldun ya lura cewa a farkon daula haraji kaɗan ne amma abin da ake tarawa da yawa, a ƙarshenta kuwa haraji ya yi nauyi abin da ake tarawa ya ragu, saboda mutane sun karaya da nema. Ya kuma yi gargaɗi kan sarki ya shiga kasuwa da kansa: jarinsa ya fi na kowa, yana iya saye da arha bisa tilas ya sayar da tsada, ƙarshenta 'yan kasuwa su janye, harajin da ake samu daga gare su ya ƙafe.

Mai karatu a Kumasi ba sai an yi masa dogon fashin baƙi ba. Harajin tura kuɗi ta waya da aka fara karɓa a watan Mayun 2022 a kan kashi 1.5 cikin ɗari ya gaza abin da aka yi hasashe nesa ba kusa ba. Mutane da yawa sun koma riƙe tsabar kuɗi ko sun nemo hanyar kauce masa. An rage shi zuwa kashi 1 a 2023, aka soke shi a 2025. Masu kare harajin suna cewa jinkirin fara shi da rage adadinsa tun a majalisa su ma sun taimaka wajen gazawar, kuma gaskiya ne. Amma halin da jama'a suka nuna shi ne wanda Ibn Khaldun ya siffanta.

Batun sarki a kasuwa ya fi sarƙaƙiya. Hukumar koko ita ke yanka wa manomi farashi, kuma a 2025 an kafa hukumar zinariya da aka ba ikon sayen ta ƙananan masu haƙa. Masu suka suna nuna yadda ake fasa-ƙwaurin koko zuwa Kwaddibuwa da Togo duk lokacin da farashin can ya fi na gida. Masu goyon baya suna cewa in babu hukumar, manomi zai faɗa hannun manyan masu saye na waje, kuma kamar yadda za a gani a gaba, suna da tarihin da suke dogara da shi.

Ɗanyen kaya da kayan masana'anta

A 1613 wani mutum mai suna Antonio Serra, yana tsare a kurkukun Napoli, ya rubuta ɗan littafi yana tambaya: me ya sa Venis, wadda ba ta da ma'adinai kuma a kan ruwa take zaune, ta fi Napoli mai ƙasar noma arziki? Amsarsa ita ce sana'o'i. Gona tana da iyakar abin da za ta bayar, amma masaƙa tana iya ninka abin da take fitarwa kuma kuɗin kowane yadi ya ragu. Littafin ya yi fiye da ƙarni guda kusan ba mai waiwayarsa.

Alexander Hamilton ya kai wa majalisar Amurka irin wannan hujja a 1791, lokacin da ƙasarsa ke sayar da taba da sauran amfanin gona tana sayen kayan Ingila. Friedrich List na Jamus ya ce a 1841 Ingila ta hau sama ne da tsanin kariya, da ta kai sai ta ture tsanin tana wa kowa wa'azin buɗe kasuwa. A Indiya kuwa, Dadabhai Naoroji ya shafe shekaru yana lissafa dukiyar da ke tsiyayewa zuwa Ingila ta hanyar albashi da fanshon jami'an mulkin mallaka da kuɗin ruwan bashi, ya tattara hujjojinsa a littafi a 1901. Abin da ake kira ra'ayin Prebisch da Singer yana da waɗannan kakanni.

Daga Sakkwato zuwa Salaga

Nan ne tarihin ya shigo gida. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje wasiƙar da aka sani da Usulus Siyasa. A ciki ya lissafa abin da ke wuyan shugaba: ya kula da masu sana'ar da jama'a ba sa iya rayuwa sai da su, manoma, maƙera, maɗinka, marina, mahauta, masassaƙa, masu magani, ya tabbatar kowane gari yana da nasa, ya kwaɗaitar da mutane su tanadi abinci, ya gina ganuwa da gadoji, ya gyara kasuwanni da hanyoyi. Duk wanda ya taɓa buɗe kundin tsarin raya ƙasa na zamani zai gane kayan cikinsa: sana'a, rumbun abinci, hanya, tsaro. Mahaifinsa Shehu Usmanu, a Kitabul Farƙ, ya riga ya soki harajin da sarakunan Hausa ke ɗorawa ba bisa ƙa'ida ba.

Asante ma tana da nata tsarin, ko da ba a rubuce yake ba. Goro daga dazuzzukanta ake kai shi Salaga, can ayarin fatake daga Kano da Sakkwato da Barno ke sauka bayan tafiyar watanni, da jakuna ɗauke da kanwa, baƙin yadi da kayan fata. Masarautar tana da fatakenta na kanta da ake ba damar fara sayarwa, kuma an daɗe ana tsayar da baƙin 'yan kasuwa a Salaga ba a barin su gangaro daji su sayi goro daga tushe. Manufar ita ce ribar tsakiya ta zauna a hannun Asante. Bayan da Ingilishi suka ƙone Kumasi a 1874 wannan shinge ya karye, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya ƙarasa watsa kasuwar, fatake suka bazu. Daga irin wannan bazuwar ne zangunan Kumasi suka cika.

Cikin waɗanda suka bar Salaga akwai Imam Umaru, haifaffen Kano a 1858, ɗan gidan fatake, wanda ya zauna a Kete-Krachi har rasuwarsa a 1934. An fi saninsa da malanta da waƙoƙin zuwan Nasara. Amma ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich dogon bayani da Hausar ajami a kan noma, sana'o'i, fatauci da zaman jama'ar ƙasar Hausa, wanda har yau masu binciken tarihin tattalin arziki ke amfani da shi. Ya kuma yi Waƙar Talauci da Wadata, inda ya nuna yadda rashi ke zubar da mutuncin mutum har a ƙi sauraron maganarsa a cikin danginsa. Sai a ƙarshen ƙarni na 20 manyan masana suka yarda a hukumance cewa talauci ya wuce ƙarancin kuɗin shiga, ya haɗa da rashin murya da rashin daraja. Malamin ya faɗi haka da Hausa, harshen da ake ciniki da shi a Alabar ta Kumasi.

Akwai abin da bai kamata a ɓoye ba. Arzikin daular Sakkwato da na Asante duka sun jingina da aikin bayi, kuma Salaga babbar kasuwar bayi ce kamar yadda take ta goro. Shi ma List, mai kare ƙasashe masu tasowa na Turai, yana ganin ƙasashe masu zafi su dawwama a kan ɗanyen kaya. Kowannensu ya ga wani ɓangare na matsalar ya kau da kai daga wani.

Mankessim, da yaƙin riƙe ƙasa

A watan Nuwamban 1871 sarakunan Fante da 'yan bokonsu suka amince da tsarin mulki a Mankessim. Cikin manufofin da suka rubuta akwai gina hanyoyi masu inganci, har da faɗinsu na ƙafa 15 da lambatu a gefe biyu. Kafa makarantu, har da na 'yan mata. Bunƙasa noma da sana'a. Shigo da sababbin irin shuka da za su yi kasuwa. Da haƙar ma'adinan ƙasar. Tunanin Africanus Horton, likitan soja ɗan Saliyo da ya yi aiki a gaɓar tekun nan ya kuma fitar da littafinsa a 1868 yana kiran a kafa jami'a a Afirka ta Yamma, ya yi tasiri a kansu. Hukumomin Ingila suka kama shugabannin, ƙungiyar ta wargaje, a 1874 aka mai da yankin mallakar Ingila. Kusan shekara 50 bayan haka Gwamna Guggisberg ya zo da shirinsa na shekara goma, wanda ya haifar da asibitin Korle Bu a 1923, kwalejin Achimota a 1927 da tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928. Shi ake yawan kira farkon tsarin raya ƙasa a nan. Na Mankessim ya riga shi, sai dai ba a bar shi ya taka ƙasa ba.

A 1897 gwamnatin mallaka ta kawo dokar da za ta ba ta iko da duk filin da ta ga kamar ba mai shi. John Mensah Sarbah da abokansa suka kafa ƙungiyar kare haƙƙin 'yan ƙasa, suka kafa hujja cewa babu filin da ba shi da mai shi a al'adar ƙasar, suka tura wakilai Landan a 1898, aka janye dokar. J. E. Casely Hayford ya ci gaba da wannan gwagwarmaya a rubuce-rubucensa na 1903 da 1913. Ana ɗaukar su lauyoyi da 'yan siyasa, amma hujjarsu ta tattalin arziki ce: idan ƙasa ta zauna a hannun 'yan ƙasa, su za su zuba jari a cikinta.

Lokaci ya gaskata su. Zuwa 1911 Gwalkwas, kamar yadda kakanninmu ke kiran ƙasar, ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da koko, kuma ƙananan manoma ne suka yi aikin, ba gandun Turawa ba. Polly Hill, masaniya 'yar Ingila wadda ta bi manoman gona-gona ta fitar da bincikenta a 1963, ta nuna yadda mutanen Akuapem da Krobo ke haɗa kuɗi su sayi daji a Akyem Abuakwa su raba, su mai da ribar gona ta farko su sayi ta biyu, har su ɗauki 'yan kwangila su gina musu hanya da gada. A 1937 da manyan kamfanonin Turawa suka haɗa baki kan farashi, manoman suka ƙi sayar da koko suka kuma ƙaurace wa kayan Turawa har zuwa Afrilun 1938. Wannan shi ne tarihin da masu kare hukumar koko, wadda aka kafa a 1947, ke tunawa. Masanin tattalin arziki Peter Bauer kuwa ya yi gargaɗi tun 1954 cewa irin waɗannan hukumomi za su rikiɗe su zama hanyar tatsar manomi, kuma shekarun 1960 da 1970 sun ba shi hujja mai ƙarfi.

Ita Polly Hill ɗin ce ta zo kasuwar shanu ta Kumasi ta rubuta a 1966 yadda tsarin mai gida ke aiki. Baƙo ya kawo shanu daga Arewa bai san kowa ba. Mai gida ya sauke shi, ya ciyar da shi, dillali ya haɗa shi da mahauci ya karɓi la'adarsa. Mahauci ya ɗauki sa bashi, sai ya yanka ya sayar zai biya, mai gida ne ke tsaya masa. In mahauci ya gaza, mai gida ke cikawa, don sunansa shi ne jarinsa. Masauki, bashi, lamuni da sasanta rikici duk a zaure ɗaya, ba takarda ko guda.

Lewis da Nkrumah

Tsohon tunani da sabo sun yi karo a Akra. Arthur Lewis baƙar fata ne daga tsibirin Saint Lucia, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 1979. A 1953 gwamnatin Nkrumah ta nemi ya ba ta shawara kan masana'antu. Amsar da ya bayar ba ita aka zata ba: abu na farko shi ne a gyara yadda ake noman abinci, na biyu a inganta ayyukan gwamnati kamar hanya, ruwa da lantarki, manyan masana'antu su biyo baya. Hujjarsa ita ce in manomi talaka ne babu mai sayen kayan masana'anta, in abinci ya yi tsada kuma dole albashi ya tashi, kayan gida su kasa gogayya da na waje.

Ya dawo a matsayin mai ba da shawara a 1957, ya bar aikin a ƙarshen 1958 bayan saɓani kan yadda ake kashe kuɗi. Nkrumah ya shaida masa cewa shi ɗan siyasa ne, dole ya yi kasada a kan gobe. Shirin shekara bakwai na 1964 ya bi hanyar List: kariya da masana'antun gwamnati, ciki har da na takalma da na buhu a nan Kumasi. Madatsar Akosombo ta kammala, amma masana'antar alminiyam ta Tema daga waje take shigo da abin da take narkawa, alhali ana fitar da ɗanyen ma'adinin daga Awaso. Farashin koko ya faɗi warwas a 1965, aka yi juyin mulki ranar 24 ga Fabrairun 1966. A 1983 gwamnatin Rawlings ta juya ɗaya gefen da shirin IMF na buɗe kasuwa, daga baya aka sayar da kamfanonin gwamnati da dama.

Har yau ba a daidaita ba. Magoya bayan Nkrumah suna cewa ba a ba shirin lokaci ba, kuma wutar Akosombo da tashar Tema har gobe ana cin moriyarsu. Masu bin Lewis suna nuna tirelolin tumatir daga Burkina Faso da na albasa daga Nijar a matsayin shaidar cewa an tsallake matakin farko.

Me ya sa aka manta da na farko?

Masana sun kasu biyu. Kashi na farko suna cewa ba mantuwa aka yi ba. Shawara ga sarki daban, fannin ilimi daban. Sai a shekarun 1930 da 1940 aka iya auna jimillar abin da ƙasa ke samarwa, aka samu alƙaluman da za a gwada magana da su a ga ko ta tabbata. Muhammadu Bello ya ce a kula da maƙera, amma bai faɗi nawa za a kashe ba ko me za a bari don a yi hakan. Suna kuma gargaɗin kada a riƙa cusa wa magabata ma'anar da ba su nufa ba.

Kashi na biyu suna cewa alƙaluma kayan aiki ne, tambayar ita ce fannin. A ganinsu an manta da waɗannan mutane ne saboda harshe da matsayi: sun rubuta da Larabci, ajami ko Italiyanci, an ajiye su a ɓangaren addini, shari'a ko tarihi, kuma da yawansu 'yan ƙasashen da ake mulka ne. Suna ƙara da cewa mantuwar tana da farashi. Jami'an da suka ɗauka manomin Afirka ba ya lissafin riba sun tsara manufofi bisa wannan zato, alhali gonakin Akyem na ƙaryata su.

Hujjar kashi na farko kan auna abu tana da ƙarfi, kuma shugaban da zai tsara kasafin kuɗi ba zai iya yi da wasiƙar ƙarni na 19 kaɗai ba. Amma a kan wanda ya fara gano matsalolin, shekarun da aka jero a sama sun fi goyon bayan kashi na biyu.

Inda abin ya taɓa talaka

Amfanin farko shi ne sanin abin da za a tambaya idan an kawo sabon shiri. Masana'antar da za ta yi aiki dare da rana tana bukatar mai sayen kayanta. A watan Disamban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, kuma a irin wannan hali albashi a tukunya yake ƙarewa, ba ya kai wa ga takalmi ko yadi. Tambayar Lewis ke nan, kuma mai sayar da waakye a bakin titi ta fi kowa sanin amsarta, don ita ke auna shinkafa da wake kullum.

Tambayar Naoroji, ina rarar ke tafiya, ta shafi 'yan fanshon da shirin sauya bashin cikin gida ya taɓa ajiyarsu a 2023 har suka yi zaman dirshan a ma'aikatar kuɗi. Ta shafi manomin koko ma: Ghana da Kwaddibuwa sun kasance suna noma kusan kashi 60 cikin ɗari na kokon duniya, shi ya sa a 2019 suka haɗa kai suka nemi ƙarin dala 400 a kan kowane tan, dabarar da ba ta da nisa da ta manoman 1937.

Kariya kuma takobi ce mai kaifi biyu a zango. Idan aka tsawwala kuɗin fito a kan shinkafa ko kaji na waje, manomin Arewa zai samu kasuwa, amma uwar gida a Sawaba za ta biya ƙari kafin noman gida ya cike giɓin, ɗan kasuwar da ke shigo da kayan kuma cinikinsa zai ragu. Dattawan zango ba su manta da 1969 ba, lokacin da dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ta raba iyalai da dukiyoyinsu da sunan mai da kasuwa hannun 'yan ƙasa. Duk manufar da ke cewa "na gida" dole a tambaye ta wa take ƙirgawa a cikin gidan.

Sai batun jari. A Suame Magazine, unguwar masu sana'ar ƙarfe a Kumasi, dubban makanikai da maƙera suna ƙera injin niƙa, suna gina jikin mota, suna sassaƙa kayan gyaran da babu su a shago, yaro ya shigo koyon aiki ya fita da sana'a. Su ne masu sana'ar da Muhammadu Bello ya ce a kula da su, kuma da yawansu za su iya aikin dare in akwai wuta mai araha da tsaro. Abin da ke tare su shi ne bashi. A 2023 kuɗin ruwan babban banki ya kai kashi 30 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma takardar fili ko ta gida suke nema jingina. Mai gidan da ya shekara talatin yana tsaya wa mahauta bashin shanu, ba a taɓa jin ya ci amanar baƙo ba, idan ya shiga banki neman rance wannan tarihin nasa ba shi da gurbi a fom ɗin da za a miƙa masa.